Kwana Goman da Na Je Roƙo a Mandawari

Ana idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu muka ja ƙofa muka bar Samaru. Mu uku ne a motar: maigidana yana tuƙi, ni a gefensa, sai wata 'yar'uwa daga zumuntar matan ikkilisiyarmu, mutuniyar Maraɗi, wadda na roƙa ta raka ni saboda tana jin Faransanci. Bayan motar kuwa a danƙare yake, sai ka ce kai amarya za mu: gero, kanwa, yajin jego da na yini biyu ina dakawa, turmin atamfa, sabulai da 'yan rigunan jarirai. Kun dame ni da tambayar yadda tafiyar Kano ta kasance, wasunku har da cewa na dawo bakina ya mutu. To ga labarin, amma ku yi haƙuri, ni dai bai yi mini daɗi ba.

Ga waɗanda ba su san mu sosai ba, maigidana fasto ne, kuma mun fi shekara goma muna hidimar ɗaliban da ke zuwa jami'a daga wasu ƙasashe. 'Yan Kamaru ne, 'yan Cadi ne, 'yan Sudan ta Kudu ne, duk ranar Lahadi bayan sujada gidanmu suke yo wa tsinke, in ɗora babbar tukunya. Mu nema musu ɗaki, mu kai su kasuwa, mu raka su asibiti. Duk Mama suke ce mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana fasa mini kai.

A cikinsu akwai wani ɗan Cadi da ya zo da matarsa, Solanj. Yarinya ce mai shiru-shiru, ba Hausa, Turancin ma sai 'yan kalmomi. Shekara biyu tana zama a kicin ɗina tana yanka mini albasa, muna hira da hannu da dariya. Bara mijin ya koma Kano don ya ƙarasa bincikensa, suka kama ɗaki a can. Da suka kawo mana ziyara na ga ciki ya fito, na kuma san mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sai na miƙe a gaban jama'a na yi mata bayanin al'adarmu: haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, a yi wa mace wankan gida kwana arba'in kafin ta koma ɗakinta. Na ce ni ce uwarta a ƙasar nan, cikin yana shiga wata takwas ta tattaro ta taho. Ba wanda ya roƙe ni, da bakina na faɗa, aka fassara mata, ta rungume ni tana kuka.

Wata takwas ɗin sai ya zo daidai da babban taron matanmu na shekara. Ni aka ba wa jawabi, kuma kan maganar da aka ba ni shi ne karɓar baƙi. Ɗakin da na ce na Solanj ne na sauki manyan baƙin taro a ciki, na aika mata cewa ta ɗan dakata mako biyu. Jaririya ba ta dakata ba. Bayan an watse da kwana uku saƙon mijin ya shigo: Allah ya sauke ta, an sami mace, kuma tana gidan wata Hajiya a cikin birni. Ban je suna ba. Na ce zazzaɓi nake yi, kuma gaskiya ne na yi na kwana biyu, amma sauran duk kunya ce da tsoro. Na yi ta tura mata ayoyi ta waya. Sai da na ji cewa ana yin arba'in za su koma Cadi gaba ɗaya, sannan hankalina ya tashi. Ranar da muka kama hanya jaririyar tana da kwana talatin cif. Niyyata ɗaya ce: in roƙi kwana goman da suka rage, in ɗauko Solanj ta ƙarasa wankanta a gidana.

Hanya dai sai godiya. An yi ruwa cikin dare, kwalta ta wanku, dawa da masara sun rufe gonaki hagu da dama. A Tashar Yari muka tsaya karin kumallo, inda mai ƙosai ta zuba mana na dubu ɗaya, na leƙa ledar na tambaye ta ko sauran yana cikin kasko ne. Ta yi dariya ta ce in je in tambayi masu wake. Maigidana ya sha shayi yana mitar kuɗin mai, wanda shi ne wa'azinsa na kullum in ya kama sitiyari. A Kwanar Ɗangora muka sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, sabuwa, mai zaƙi. Wajen Kura kuwa shinkafa ce kore shar har iyakar ganinka, mata suna shanya tafasasshiya a gefen titi, suna kallon sama saboda hadari.

Daga nan ne na zaro hijabin da na aro wajen maƙwabciyata na zura. Abokiyar tafiyata ta tambaye ni ko sanyi nake ji. Na ce mata ita ba ta san birnin Kano ba, gara mutum ya shiga a saje. Ni kaina sau biyu na taɓa zuwa Kano, kuma duk a Sabon Gari na tsaya, amma na yi maganar kamar a Ƙofar Mata aka yanke mini cibi. A raina na riga na gama tsara komai: yarinya Kirista, ba harshe, ba dangi, wata guda a tsakiyar birni, wa ya san abin da ake karanta mata? Na ma fara ganin tafiyar tawa kamar ceto.

Na'ibawa ta cinye mana kusan awa guda. Adaidaita sahu ta ko'ina, kowa yana hon, ba mai matsawa. Da muka samu muka fita, muka bi gefen badala, wadda ruwan bana ya zaftare ta a wurare da yawa, muka shiga ta Ƙofar Na'isa muka nufi Mandawari. A bakin wani shagon ɗinki mota ta ce iyakarta ke nan, don lungun ko baro biyu ba za su gifta juna ba. Na matsa kusa da telan, na rage murya kamar mai sayen abin da aka hana, na faɗi sunan Hajiyar. Ya ce masu wannan sunan uku ne a lungun. Na rasa yadda zan yi, na ce wadda take da baƙuwa. Sai ya ɗaga murya ya ce ai sai in ce gidan da 'yar Cadi take wanka, ya nuna mana da almakashi, ya ƙara da cewa shi ya ɗinka wa mai jegon kayan suna. Abin da nake ta ɓoyewa, ashe har mai gurasar bakin lungu ta sani.

Muka ɗauki kaya a ka, muna tsallake kwata, muna raɓewa ana wucewa da babur. Gidan tsohon gini ne na ƙasa da aka shafe da siminti, zaurensa sanyi ƙalau. A nan aka tare maigidana, babban ɗan Hajiya da mijin Solanj suka shimfiɗa masa darduma. Fasto guda, mai shiga ko'ina da jakarsa, ranar nan iyakarsa zaure, kuma na ji daga baya cewa kwanon fura biyu ya shanye suna gardamar takin zamani.

Hajiya 'yar gajeruwar tsohuwa ce, ta haura saba'in, bakinta ja da goro. Ta taso da lale marhabin, ta riƙe hannuna biyu ta ƙi saki. Muka gaisa, gida, yara, hanya, ruwan sama, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Matar Fasto, cire wannan abin ki sha iska," in ji ta. "A baibai ma kika sa shi."

Matan gidan suka kwashe da dariya, abokiyar tafiyata ta fi kowa. Na cire, na ninke, ban sake bi ta kansa ba.

Solanj tana ɗakin Hajiya, a kan gadon Hajiya, ita tsohuwar ta koma katifa a ƙasa. Da ƙyar na gane ta. Ta yi ɓul-ɓul, ta yi haske, ƙafa da hannu sun sha lalle, ɗakin sai ƙamshin turaren wuta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo mini jaririyar, mai gashi baƙi wuluk, sunanta Alheri. Ina riƙe da ita idona yana yawo, yana neman abin da na zo da shi a raina. Abin da na gani shi ne Littafi Mai Tsarki nata na Faransanci a saman durowa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Wata surukar gidan ta ce Hajiya ce ta lulluɓe, kuma ta hana jikoki taɓawa. Ta ce ranar Lahadi da hantsi kuwa kora su ake yi waje, a kashe rediyo, don baƙuwa za ta saurari cocinsu a waya. 

Aka kawo ruwa, aka kawo fura, sannan tuwon shinkafa miyar taushe, da gurasa da aka barbaɗe da ƙuli. Ina ci ina jin Hajiya da Solanj suna hira da wani harshe da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Ashe mahaifiyar Hajiya Shuwa ce, Larabcin da ake yi a Cadi da shi ta tashi. Yarinyar da na sani da murmushi da gyaɗa kai, sai ga ta tana zuba zance har da tsokana, tana jefa Hausa a ciki. Mai fassarar da na ɗauko tun daga Zariya ba ta yi aikin komai ba sai cin tuwo.

Da aka kwashe kwanuka na gyara zama na faɗi abin da ya kawo ni. Na yi godiya, na ce an ɗauke mini nauyi, yanzu na zo in karɓi 'yata ta ƙarasa a wajena. Don in nuna ni ma ba baya ba ce, na shiga lissafa shirin da na yi: itace na nan na tara, tukunyar wanka na nan, ga bishiyar darbejiya a ƙofar gida, safe da yamma zan riƙa fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganye kamar yadda uwata ta yi mini haihuwa biyar. Hajiya ta ajiye goron da take ɓantara.

"Wane ganye kuma? Wadda aka yi wa aiki za ki fyaɗa wa tafasasshen ruwa a ciki?"

Ban san an yi mata aiki ba. Wata guda cur, ni da nake kiran kaina uwarta, ban san an tsaga cikin yarinyar nan ba.

Hajiya ta ga fuskata, sai ta ba ni labarin a hankali, ba da faɗa ba. Ta ce ranar wata Alhamis ce, mijin ya tafi ƙasarsu sabunta takardu, yana ganin da sauran lokaci. Naƙuda ta taso da jini. 'Yar Hajiya, wadda take aure a gidan hayar da su Solanj suke, ita ta kai ta asibiti. Likitoci suka ce sai an yi aiki nan take, a kawo wanda zai sa hannu. Wayar mijin ba ta shiga. Sai aka duba katin awonta, aka ga inda aka ce a rubuta ɗan'uwa mafi kusa, ta rubuta lamba ɗaya, ta sa "uwa" a gefe. 'Yar Hajiya ta kira da wayarta har sau huɗu, ba a ɗauka ba. Shi ne ta kira tata uwar. Hajiya ta ce ko takalmi ba ta tsaya nema ba, silifas ɗin banɗaki ta zura ta hau adaidaita, ta je ta dangwala yatsa. Da aka sallame su kuma ta ga ba yadda za a yi mace da ɗanyen ɗinki ta koma ɗakin haya ita kaɗai, ta ce a wuce da ita Mandawari.

Na tambayi lokacin, ta ce tsakanin azahar da la'asar. Na ciro wayata, na yi ta ja har na kai ranar. Suna nan, kira huɗu a jere, jajaye. A daidai wannan lokacin ina tsaye a gaban ɗaruruwan mata, lasifika a hannu, ina koya musu yadda ake buɗe wa baƙo ƙofa. Na tuna na ji wayar tana motsi a jaka. Na tuna da na sauko ana ta rungume ni, na duba na ga baƙuwar lamba, na ce in da gaske ne mai ita zai turo saƙo. Kuka ya ƙwace mini a ɗakin mutane, irin wanda ba ya tsayawa in an ce yi haƙuri.

Duk da haka ban haƙura ba, don ni akwai naci. Da na share hawaye na ce to ko da ruwan ɗumi ne, a ba ni kwana goman nan in yi mata hidima. Hajiya ta ce ita ba ta da ta cewa, 'yata ce, ga ta nan in tambaye ta. Na juya zan kira mai fassara, Solanj ta dafa gwiwata ta amsa da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Mama, ban yi fushi ba. Ranar na ji tsoro, na yi ta kiran sunanki. Amma yanzu ba zan tafi ba. In na fita kafin arba'in, mutanen lungu za su ce Hajiya ba ta riƙe ni da kyau ba. Ba zan ba ta kunya ba."

Wannan ce doguwar magana ta farko da ta taɓa shiga tsakanina da ita ba tare da wani a tsakiya ba. Kuma gaskiya ta faɗa, ni ma na san al'adar, ni na fara koya mata ita. Mai jego ba ta barin gidan wanka a tsakiya sai in an yi ɓatacciya. Ina can ina tunanin wanke kaina, ban ko tuna da fuskar tsohuwar da ta bar mata gadonta ba.

Bayan la'asar muka yi shirin tafiya. Na ce ina so in yi wa mai jego da jaririya addu'a, ina ɗan satar kallon Hajiya. Ta ce ai dole, ta kaɗa matan gidan waje, ita ma ta fita ta saki labule. Na yi addu'ar, rabi magana rabi shessheƙa. Kayan da na kawo ta karɓa da godiya, ta lashi yajin ta ce Zazzagawa har yau ba su iya sa kimba ba, amma za a ci. A tsakar gida ta ce in dakata. Ta shiga madafi ta fito da wata 'yar langa mai murfi, ta ɗaure ta da ɗankwali ta sa mini a hannu. Ta ce ɗanta ne ya yanka rago ranar suna, faston su Solanj ya zo ya yi addu'a a zaure, aka soye nama aka raba wa dangi da maƙwabta.

"Wannan kason kakar jaririya ne," ta ce. "Na ware miki tun ranar. Kullum sai na sa an ɗumama shi kada ya lalace, don na ce musu za ki zo."

Solanj ta rako ni iyakar ƙofar zaure, don nan ne iyakar mai jego. Ta ce in ta isa gida za ta kira ni. Na ce zan ɗauka, sai na ji nauyin kalmar a bakina, na yi saurin juyawa.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo tun daga Ciromawa, ruwa ya raka mu har Zariya. Ba wanda ya sayi komai, maigidana ma ya manta da kuɗin mai. Na ba shi labari, sai ya ce ɗan Hajiya ya riga ya gaya masa a zaure, kuma mijin Solanj ne ya roƙa kada a faɗa mana tun farko, don kada ranmu ya ɓaci. Su da muka bari a rana, su ne suke lallaɓa zuciyarmu. Mun shiga gida ana kiran magariba.

Abin da na koyo ba shi da yawa, kuma ba zan mai da shi jawabi ba, na gaji da jawabi. Na gane cewa shekarun nan ina karɓar baƙi ne a ranar da na zaɓa, a lokacin da tukunyata ta nuna, baƙo kuwa buƙatarsa ba ta san Lahadi ba. Na gane kuma cewa mutanen da na shiga unguwarsu a ɓoye sun fi ni sanin abin da na hau mumbari ina koyarwa. Kwana goman nan ban same su ba, kuma ba zan ƙara samunsu ba, yau saura uku su tafi.

A daren da muka dawo, da na zauna na kwance ɗankwalin na buɗe langar. Naman ya yi baƙi saboda yawan komawa wuta, amma ko ɗan wari bai yi ba. Tsoka ɗaya na iya ci. Kwana ashirin da uku wata tsohuwa da ba ta taɓa ganina ba tana hura wuta a kan rabona, ni kuwa sau huɗu aka neme ni saboda 'yata, ban ɗaga waya ba ko sau ɗaya.